Kada Gidan Nan Ya Sake Yi Wa Ikilima Ƙarya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah Ya yi daɗin tsira ga Annabi da alayensa da sahabbansa.

Ni ne Mamuda, ɗan marigayi Jauro Ahmad na rugarmu ta wajen Roni, mai gyaran babura a bakin kasuwar Gwiwa. Ina rubuta wannan takarda da hannuna, da ajami, tunda shi kaɗai aka koya mini a gaban allo. Ina cikin hankalina, na san ranar da nake, na san sunan kowa, kuma babu wanda ya sa ni. Na sani akwai waɗanda in suka ji an haɗa sunana da hankali a layi ɗaya sai sun murmusa. Su murmusa. Don su ne na kira Malam Lauwali limamin unguwarmu da Madu mai shayi, suka ga na fara rubutun, kuma za su sa hannu a ƙasa in na gama. Wannan karon babu ƙadangare a cikin ambulan.

Da ku nake magana, ku ukun nan. Ke babba, yau zan rubuta sunanki, abin da kunyar 'yar fari ta hana bakina faɗa shekara goma sha huɗu: Nafisat. Sai Ikilima. Sai Ɗayyabu, wanda ba zai gane komai a nan ba sai ya girma, a ajiye masa. Mahaifiyarku Nana Aisha ta zauna ta ji. Wanta Kyari, kawunku kafinta na Babura, shi ma a tabbata ya ji, don rabin maganar tasa ce.

Na gaji. Shekarata talatin da bakwai, amma ƙodar nan ta riga ni tsufa. Na gaji da hanyar Kazaure, na gaji da motar Kano, na gaji da bencin asibiti, na gaji da a danna mini ƙafa da yatsa a tsaya ana kallon ramin da ya bari. Zuwan ƙarshe likita takarda kawai ya yi ta juyawa. Na san fuskar da ya yi, don ni ma ita nake yi wa mai babur in na buɗe inji na ga babu abin gyarawa. Rai na Allah ne. In Ya so na tashi, sai mu yaga takardar nan mu yi dariya. Amma ban zata ba.

Na ɗaya. A yi mini sutura da wuri, kada a jira kowa. Gado kuwa Allah Ya riga Ya raba, ba ni da ta cewa, Malam Lauwali zai tsaya a kai. Daga abin da shari'a ta bar mini ikon bayarwa, na ba yayata Adda Fatu jar karsanar nan da take riƙe mini a ruga. Ita ta goya ni bayan innarmu ta rasu, ni kuwa na saka mata da ɗaure mata gefen zane a jikin turke. Akwatin kayan aikina, sufanu da filaya da sauransu, in ya faɗo a rabon Ɗayyabu, a shafa musu mai a rufe. In ya girma bai son aikin, kada a matsa masa. Baƙin mai ba ya fita daga farce, ni shaida ne.

Na biyu. Akwai mutanen da nake neman yafiyarsu, kuma suna da yawa. A faɗa a masallaci bayan an sallame, a ce Mamuda ne ya haɗa takalman mutane hagu da hagu a sallar Juma'ar da aka yi ruwa, ba yara ba ne, kuma yaran da aka zane a kai su yafe mini. Madu ya riga ya yafe gishirin da na juye masa a gwangwanin sukari ranar kasuwa, amma ya ce in rubuta, ga shi na rubuta. Malam Lauwali, ƙadangaren da ke cikin takardar ɗaurin aure, ni ne, kuma ka sani. Sai Jalaluddeen na Yankwashi, wanda na ce masa tayar sabon baburinsa ba ta shan kowace iska sai ta Kano, ya kuma je. Shekara shida ba ya gaishe ni. A aika masa, a ce na tuba. In ya tambaya, a faɗa masa iskar Gwiwa ma tana yi.

Waɗannan duk an yi dariya an wuce. Akwai ɗaya da ba a yi dariya ba, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Na uku, maganar gidan nan.

Kun taso kuna ji ana yi mana dariya a kansa. Duk baƙon da ya shigo sai ya ce gidan Mamuda gareji ne aka yi masa rufi. Waya a jikin bango, murafun kwalba a jikin ƙofa, ƙararrawar keke a bakin banɗaki, tsofaffin tayu a gindin rijiya, falo babu kujera ko ɗaya. Kowa ya ɗauka wani wasan nawa ne da bai ƙare ba, ni kuma na bar su a haka, don dariya ta fi mini sauƙi a kan bayani. Yanzu ba ni da lokacin barin kowa a haka.

Ikilima tana shekara uku ƙyanda ta tafi da idanunta. Kafin ta cika biyar ta haddace gidan nan kamar yadda ake haddace allo. Ba ta laluba, ba ta jira a riƙe ta. Gudu take yi. Daga ƙofar ɗaki zuwa madafa a guje, ta kewaya randa, ta tsallake rariya, har maƙwabta su leƙo ta katanga suna salati.

Wata rana da hantsi, ba ni da aiki, shaiɗan ya ba ni. Na ɗauke turmi daga inda yake zama a jikin bango, na girke shi a bakin madafa, na yafa masa mayafi, na ɗaura masa ɗankwali. So nake mahaifiyarku ta fito ta durƙusa ta gaida baƙuwa. Na laɓe a bayan darbejiya ina riƙe dariya. Ba ita ta fito ba. Ikilima ce, a guje.

Haƙorinta na gaba ya tafi a wurin. Tabon da ke saman girarta ta hagu, na ranar ne. Da na ɗauke ta ba ta yi kuka nan take ba, sai ta shafa turmin sama da ƙasa, ta shafa ƙasan da yake kai, sannan ta ce, "Baba, gidan ya yi mini ƙarya."

Ikilima, shekara biyar ina so in faɗa miki, bakina yana nauyi. Ba gidan ba ne. Ni ne. Mahaifiyarki ta sani, ta rufa mini asiri, ba ta taɓa goranta mini ba ko a cikin faɗa. Damina biyu kika yi ba ki sake gudu ba, kina tafiya da hannuwa a miƙe a cikin gidan ubanki kamar baƙuwa, ni ina zaune ina kallo. Ki yafe mini. In ba ki iya yanzu ba, ki ajiye sai kin girma, zan jira a inda nake.

Tun daga ranar na yi alkawari tsakanina da Allah, wasana ya tsaya a zaure. Daga dokin ƙofa zuwa ciki, babu abin da zai sake motsawa daga inda aka ce yake.

A nan hannuna ya gaza jiya. Na ci gaba yau bayan azahar.

Na huɗu. Ga abin da kowane tarkace yake yi, don kada wani mai son tsafta ya zo ya share.

Wayar da ta bi bango daga zaure har bayan gida, wayoyin birki ne na haɗa. Ƙulli ɗaya, kin zo ɗakin mahaifiyarku. Ƙulli biyu, falo. Ƙulli uku, ki tsaya, akwai matattakala. In ta yi tsatsa a canja ta, amma a bar ƙullin a inda suke, kuma a tsawon da take. Na ɗaga ta sau biyu da Ikilima ta ƙara tsawo. Nafisat, nan gaba ke za ki riƙa ɗagawa, daidai ƙugunta.

Murafun kwalban da na buga a jikin katako, su ne rubutunta. Na kantar madafa suna faɗa mata ina gishiri, ina yaji, ina kuka. Duk wadda ta ɗauki gwangwani ta mayar da shi kan murfinsa. Ni da na taɓa musanya wa Madu gishiri da sukari, a gidana ko da mantuwa ban yarda a yi ba.

Ƙararrawar banɗaki, wanda zai shiga ya kaɗa sau ɗaya, in ya fito sau biyu. Baƙi suna jin kunyar kaɗawa. Su daure.

Tayun da na binne rabi a kewayen rijiya, ƙafarta ce ke fara taɓa su kafin bakin rijiyar. Kada a tone su don a shuka fulawa.

Ƙasan gidan ba rashin iya aiki ne ya sa ya zama kala-kala ba. Na rumfa mai laushi ne, na wajen rijiya mai kaushi, kafin murhu kuma akwai layin tsakuwa da na jera a cikin siminti, taku biyu kafin wuta. Da tafin ƙafa take karantawa, shi ya sa ba ta sa takalmi a gida. Duk wanda ya shimfiɗa tayil a kai, ya shafe mata allonta ne gaba ɗaya, ga santsi in an yi alwala.

Ƙofa ko a buɗe ta har bango ko a rufe ta ruf. Rabin buɗewa shi ke fasa goshi. Takalma a hagun ƙofa. Buta a ƙarƙashin randa. Turmi a jikin bango, kullum, ko ana tsakiyar daka aka kira sallah.

Turaren wuta kuwa ba dabarata ba ce, ta mahaifiyarku ce. Ita ta ware wa kowane ɗaki ƙamshinsa, kajiji a nata, sandal a falo, hawi a naku, ba ta taɓa musanyawa ba. Na sha tsokanarta cewa Barebari ba su da aiki sai hayaƙi. To hayaƙin nan ya fi duk wayoyina aiki.

Falo kuma, abin da ya fi tsone wa mutane ido. Tabarmi ne da filo jere a jikin bango, tsakiya fili. A nan Ikilima ta sake koyon gudu. A nan muke cin tuwo a faranti ɗaya, a nan nake miƙe baya in na dawo daga kasuwa, a nan Nafisat ke baje littattafanta. Mu mutanen ƙasa ne, a ƙasa muke zama. Na shiga falukan mutane a Kazaure, kujeru sun cika ɗaki har an lulluɓe su da leda, mai gida da iyalinsa suna zaune a tsakar gida a kan buhu, suna gadin kujerun baƙon da bai zo ba. Ban ce sun yi laifi ba. Na ce dai ni ban ga dalilin da zan ƙawata ɗaki don mai zuwa sau biyu a shekara, in takura wadda ke cikinsa kullum ba.

Na biyar, zuwa ga mahaifiyarku.

Nana, kwana uku gwaggonninki suka yi suna miki jere lokacin da aka kawo ki daga Babura. Kabad mai gilashi, tangaran a jere har sama, gado mai madubi, labule kan labule. Matan Gwiwa har layi suka yi don kallo. Mako ɗaya bayan faɗuwar Ikilima na dawo na tarar kin sauke komai da hannunki, kin naɗe tangaran a tsofaffin zannuwa, kin sa an tura kabad ɗin ɗakin ajiya an juya fuskarsa bango. Ban roƙe ki ba. Ban kuma gode miki ba, sai na ce ɗakin ya huta da kayan Barebari. Kika yi dariya don ki taimake ni.

Na san abin da kika sha. Na san in an yi biki a danginku ana tambayar ki ko mijin naki ya sayar da kayan ne. Na san kina shiga ɗakin ajiya wani lokaci ki daɗe, ki fito ki ce gero kika je dubawa. Na gode, yau na faɗa a gaban shaidu. Kayanki naki ne, ba sa cikin gado. In kin fita takaba kina son kabad ɗinki ya dawo ɗaki, ya dawo, amma ta hanyar da zan faɗa a ƙasa. In kuma Allah Ya kawo miki wani mijin, ki yi aurenki, ke yarinya ce, ba na riƙe ki. Ki dai duba wanda in ya ga ƙararrawa a bakin banɗaki zai kaɗa.

Na shida, zuwa ga Kyari. A karanta wannan a hankali, kuma yana zaune.

Ku yara ku sani, tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni. Duk abin da Bafillace ya faɗa wa Babarbare ba a fushi, haka shi ma. Ni da kawunku mun samu wannan gona mun nome ta har iyaka. Shekara goma sha biyar yana ce mini bawansa ina ce masa bawana. Na taɓa cika masa tankin babur da ruwan tsamiya, shi kuma ya aiko mini da kujerar da ya zare wa ƙusa, na zauna a gaban surukai ta zube da ni. Ban taɓa samun aboki kamarsa ba.

Amma wasan nan yana da illa ɗaya da ban gani ba sai yanzu. Ba ni da bakin da zan yi masa maganar gaske da shi. Sau uku yana cewa zai kawo wa ƙanwarsa kujerun kushin da teburin gilashi, ya shimfiɗa tayil daga zaure har madafa, sau uku ina ce masa a'a, sau uku yana tuntsirewa da dariya. Ya ce, "Bafillace ai tsoron kujera yake, ya saba zama a kan kututture." Na ce masa don Ikilima ne, ya ce, "To ita ma ta huta da zama a gareji." Makon jiya da ya zo duba ni, ya tsaya a kaina ya ce, "Tashi, bawana, na san ka, nono kake so a kawo maka." Na ji ya daɗe a zaure kafin ya ta da babur. Ban ce bai san halin da nake ciki ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wanda Madu ya tsegunta mini. Kujerun an gama su, tayil yana jibge a shagonsa. Niyyarsa bayan kaka ya lallaɓa ku ku tafi Roni wurin Adda Fatu, ya zo da ma'aikatansa a wuni ɗaya su kwance wayoyi, su tone tayu, su gyara gidan tas, ku dawo ku tarar. Ya ce wannan ne ramuwar ruwan tsamiya. Na san da alheri yake nufi. Yana jin ciwon a ce ƙanwar kafinta ba ta da kujera, kuma in na tafi zai ƙara jin nauyin ya yi mata wani abu babba.

Kyari, abin da kake shirin yi shi ne abin da na yi da turmi, sai dai naka gida guda ne. Yarinyar nan za ta fita daga gidan da ta sani, ta dawo marainiya, ta miƙa hannu inda waya take ta ji wayam. Ubanta babu, gidan ma babu. Ba ni da tabbacin za ta sake gudu a karo na biyu.

Shari'a ba ta ba ni ikon in ware gidan in ce na Ikilima ne ita kaɗai ba, na 'ya'yan ne duka da uwarsu. Don haka ba umarni nake ba, roƙo nake. Kuma ban ce kada kujerunka su shigo ba. Aikinka yana da kyau, ko da yake ban taɓa faɗa ba. Ga yadda za a yi. Tayil ka sayar, ko ka shimfiɗa a zaure inda baƙi ke zama, iyakarsa nan. Teburin gilashi kada ya ƙetare dokin ƙofa. Kujeru su shigo ɗaya bayan ɗaya, ba rana ɗaya ba. Kowace ta zo, a ajiye ta a zaure, a kira Ikilima ta shafa ta ta ko'ina, ita za ta faɗi bangon da za ta jingina, kuma hannunta yana kai za a ɗauka har a dire. In ta haddace wannan, sai a kawo ta gaba. In ta ce ya isa, ya isa, ko da biyu ne suka shiga. Tsakiyar falo a bar mata fili. Haka za a yi wa kabad ɗin Nana, haka za a yi wa duk abin da zai shigo ko ya fita ko ya matsa, har ranar da za a kai ta nata ɗakin. Ranar kuwa, Kyari, kai za ka yi mata jere, da ita a tsaye tana nuna maka.

Na san har yanzu kana jira ka ji inda zan fashe da dariya. To saurara. Ni Mamuda, Bafillace ɗan Bafillace, na rubuta da hannuna a gaban liman: ka ci. Ni ne bawan, Barebari ne iyayen gijina. Ka je ka faɗa a kasuwar Babura, ka faɗa a Kanya Babba, ka sa a yi shela. Kai ka san ko wuƙa aka sa mini a wuya ba zan rubuta wannan da wasa ba. Yaya Kyari, don girman Allah, ka bar mata gidanta.

Na bakwai. Nafisat, na ɗora miki kaya tun kina ƙarama, ke ce mai bin bayan baƙi kina mayar da buta inda take. Na ga ranar da ƙawayenki na makaranta suka zo kika tsayar da su a zaure don kada su ga falonmu. Ban ji haushi ba, ni ma da ni ne da na yi. Kusurwarki ta ɗaki taki ce, ki liƙa abin da kike so a bango, ki rataya madubi, ki sa labule mai fure. Bango daga kafaɗa zuwa sama ba ruwan Ikilima da shi, ku cika shi da ado yadda kuke so, laifina ne da ban taɓa tunanin haka ba. Kada ki bar karatu don gadin gida. Kuma kada ki riƙa yi wa ƙanwarki abin da ta iya da kanta, ta fi ki sanin inda ludayi yake.

Ɗayyabu, an ce ka ɗauko ni. Shekararka huɗu ka riga ka iya ɓoye wa mutane takalmi ka koma gefe kana kallo. Ba zan ce ka daina ba, don na san ba ya dainuwa. Ka yi wa Madu, ka yi wa kawunka, shi kam ka yi masa har da nawa. Amma kafin ka laɓe, ka tambayi kanka wa zai fara fitowa. Kuma wasanka ya tsaya a zaure.

Na takwas, shi ne na ƙarshe, kuma shi ya fi mini wuyar rubutawa.

Tabarmata tana ƙarƙashin rumfa, nan nake kwana tun da ciwon ya hana ni ɗaki. Daga ƙofar ɗakinku zuwa gefenta taku goma sha ɗaya ne. Kowace safiya Ikilima tana zuwa da buta, a na goma sha ɗaya take durƙusawa ta miƙa hannu, ba ta taɓa kuskure ba. Lokacin da nake da lafiya nakan laɓe mata a cikin gida, ta bi warin fetur ta kamo ni, mu yi ta dariya. Wannan kaɗai ne wasan da ya rage tsakaninmu, ita ta roƙa kada a daina shi.

Don haka ku ji. In Allah Ya karɓi abinSa, na san yadda ake yi. Mata za su yi sauri su naɗe tabarma su share wurin, wani mai tausayi ya ce wa Ikilima Baba ya tafi Kano. Kada a yi. In kuka ce na yi tafiya, ita ta san halina, za ta ɗauka laɓewa na yi, za ta bi gidan nan lungu-lungu tana shinshina. Kada kowa ya taɓa tabarmar. Nana, ke za ki faɗa mata, da sunan abin. Kafin a rufe mini fuska a kawo ta, a ɗora hannunta, ta shafa har ta gamsu. In an dawo daga maƙabarta a bar tabarmar a inda take, kwana nawa ne, ba ruwan kowa. Ranar da ta shirya, ita za ta naɗe da hannunta, ita za ta faɗi inda za a jingine ta. Ni ma kayan gidan nan ne. Kada a ɗauke ni ba da saninta ba.

Na gama. Alƙalamin ya yi nauyi.

Ku riƙe sallah. Ku riƙe uwarku. Ku riƙa zuwa Roni, ku riƙa zuwa Babura, kada ɗaya ya fi ɗaya. Duk abin da ya haɗa ku faɗa, ku zauna a tsakiyar falon nan a ƙasa ku gama shi kafin a kwashe tuwo, ai don haka na bar wurin fili. Kada ku rabu a kan gini ko katako. Allah Ya yi muku albarka, Ya raya ku cikin imani, Ya ba ku abokan zama masu tausayi. Allah Ya saka wa Nana Aisha da gidan da ya fi wanda na ba ta. Allah Ya ba Kyari haƙurin rashin bawansa. Ni kuma ku roƙa mini gafara, ina da buƙata.

Ikilima, randa tana hagu, turmi yana jikin bango, na duba da kaina yau da safe. Ki yi gudunki.

Mahaifinku,
Mamuda ɗan Jauro Ahmad, Gwiwa.

Shaidu: Malam Lauwali, liman. Madu mai shayi.